Buri Da Ƙaddara A Tafiyar Imamu Shafi'i

 Darasin wannan mako zai bi sawun wani yaro maraya ne, wanda ya tashi ba shi da ko kuɗin da za a biya malamin allo, ya yi ta tafiya daga wannan gari zuwa wancan a kan neman ilmi, har ya zama ɗaya daga cikin limaman mazhabobi huɗu. Wannan yaro shi ne Muhammadu ɗan Idirisu, wanda duniya ta sani da Imamu Shafi'i, Allah Ya yi masa rahama. Waɗansu tafiye-tafiyen nasa shi ya shirya su da kansa, waɗansu kuwa ja masa su aka yi ba da sonsa ba, har akwai wadda ya yi ta a cikin mari. Mai karatu zai ga yadda kowace daga cikinsu ta ba shi abin da 'yar'uwarta ba ta da shi.

An haife shi a garin Gazza ta ƙasar Falasɗinu a shekara ta 150 bayan Hijira, daidai da 767 Miladiyya, watau shekarar da Imamu Abu Hanifa ya rasu a Bagadaza. Baƙuraishe ne daga zuriyar Muɗɗalibi ɗan'uwan Hashimu, saboda haka nasabarsa ta haɗu da ta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan Abdu Manafi. Shafi'u kuwa sunan wani kakansa ne, da shi a ke danganta shi. Mahaifinsa ya rasu tun yana jariri, ya bar shi a hannun uwa a ƙasar da ba su da dangi. Da ya shekara biyu sai ta ɗauke shi zuwa Makka, domin tana gudun kada ɗanta ya tashi a cikin baƙi asalinsa ya ɓace. Wannan ita ce tafiyarsa ta farko, a goye ya yi ta, shawarar kuwa ta uwa ce ita kaɗai.

A Makka talauci ya kai su inda ba ta iya ba malamin makaranta ladan karantarwa. An ruwaito cewa malamin ya lura yaron ya kan riƙe abin da a ke biya wa sauran yara tun kafin su gama rubuta shi a allunansu, sai ya yarda ya riƙa tsare masa makaranta in ya fita, wannan ya tsaya a madadin biya. Ya haddace Alƙur'ani yana da shekara 7. Sa'an nan ya shiga zaman malamai a Masallacin Harami, alhali ba shi da abin sayen takarda, ga shi a wancan zamani takarda ba ta yawaita ba, tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Sai ya riƙa tsintar faffaɗan ƙasusuwa yana rubuta hadisai da mas'aloli a kansu, yana zubawa a cikin wani tulu na mahaifiyarsa, ya kan kuma je wurin magatakardan hukuma ya roƙi takardun da suka gama amfani da su domin ya yi rubutu a bayansu.

Daga nan sai ya yi wata tafiya wadda mai gaggawa zai ɗauke ta ɓata lokaci. Ya fita daga Makka ya shiga daji wurin ƙabilar Huzailu, makiyaya mazauna duwatsun da ke tsakanin Makka da Ɗa'ifa, ya zauna da su shekaru, in sun tashi ya tashi, in sun sauka ya sauka. Dalilin wannan kuwa shi ne, bayan da Musulunci ya yaɗu Larabawan birane sun cuɗanya da Farisawa da Rumawa da sauran al'ummomi, har lahani ya shiga harshensu, a ke ɗaukaka abin da ya kamata a saukar, a ke wasalta kalma ba bisa ƙa'ida ba. Tsantsar Larabci sai a bakin mutanen ƙauye, shi ya sa manyan malaman nahawu da lugga na Basra da Kufa su kan ɗauki tawada da alƙalami su bi Larabawan daji suna rubuta abin da suka ji. Huzailu kuwa suna daga cikin waɗanda aka yi wa shaidar fasaha, ga su da mawaƙa masu yawa, kuma daga cikinsu ne sahabi Abdullahi ɗan Mas'udu ya fito. Shafi'i bai je ya rubuta kalmomi ya komo ba. Zama ya yi har harshensu ya zama nasa, ya haddace waƙoƙinsu da labaran yaƙe-yaƙensu da nasabobinsu. A can ne kuma ya koyi harbin kibiya, har a ke cewa da wuya ya saki kibiya ta kuskure abin bara.

Ɗalibin da ke ganin nahawu da sarfu wahala ce da aka ɗora masa a banza, ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani. Alƙur'ani da Larabci ya sauka, hadisi da Larabci aka faɗe shi, wanda kuwa bai san yadda Balarabe ya kan faɗi magana gamammiya yana nufin keɓantacciya ba, ko yadda kalma guda ta kan ɗauki ma'ana biyu ko uku, to, zai ciro hukunci daga nassi ne kamar mai ɗiban ruwa da kwando. An ruwaito cewa Asma'i, mashahurin malamin lugga na Basra, ya gyara waƙoƙin Huzailu a hannun Shafi'i, Ibnu Hishamu mai littafin Sira kuma ya ɗauki maganarsa hujja ce a lugga.

Sai dai a wancan lokaci burin saurayin bai wuce waƙa da tarihin Larabawa ba. Ya komo Makka yana rera baitoci, mutane suna sha'awar zaƙin bakinsa. Masu tarihi sun kawo cewa wani dattijo ne ya ji shi, ya nuna masa takaicinsa a kan a ce irin wannan fasaha da kaifin hankali ba a haɗa su da fiƙihu ba, a waɗansu ruwayoyin kuma muftin Makka ne da kansa, Muslimu ɗan Halidu Azzanji, ya ja hankalinsa. Maganar ta shige shi. Ya lizimci Azzanji a fiƙihu, ya ɗauki hadisi a wurin Sufyanu ɗan Uyaina, bai daɗe ba malaminsa ya yi masa izinin ba da fatawa tun yana ɗan saurayi.

Wani da ya sami wannan matsayi a Makka da ƙuruciya, da ya shimfiɗa buzu ya zauna. Shi kuwa sunan da ke yawo a bakin mahajjata da fatake ya hana shi sakat, watau sunan Maliku ɗan Anas, limamin Madina, mai littafin Muwaɗɗa. Zama a gaban Maliku ya zama masa buri. Abin lura a nan shi ne yadda ya yi wa burin tanadi. Kafin ya ɗaura wa raƙumi kaya sai da ya ari Muwaɗɗa a wurin wani mutumin Makka ya haddace shi tun daga farko har ƙarshe, sa'an nan ya kama hanyar da ta fi kilomita 400, tafiyar wajen kwana goma ga ayari. Ya san cewa ƙofar Maliku cike ta ke da ɗalibai daga Masar da Iraƙi da Ƙairawan da Andalus, yaro matalauci ba zai sami wurin zama da dogon buri kawai ba, sai da wani abu a ƙirjinsa.

Ya kuma yi wata dabara irin ta mutanen duniya, ya karɓi takarda daga gwamnan Makka zuwa gwamnan Madina domin a gabatar da shi. Yadda labarin ya zo, da gwamnan Madina ya karanta takardar sai ya nuna cewa ya fi masa sauƙi ya taka daga Madina zuwa Makka ba takalmi da ya tsaya a ƙofar Maliku, saboda kwarjinin malamin. Duk da haka suka tafi tare. Baiwar gidan ta fito ta gaya musu cewa in mas'ala ce a rubuto, in kuwa hadisi ne an san ranar majalisi. Da ƙyar Maliku ya fito, da ya duba takardar ransa ya ɓaci ƙwarai, yana mamakin yadda ilmin Manzon Allah ya koma abin da a ke nema da takardar masu mulki. Gwamna ya rasa ta cewa. A nan ne saurayin ya matso ya yi bayanin kansa da inda ya fito da abin da ya kawo shi, da irin harshen nan da ya samo a dajin Huzailu. Maliku ya dube shi na ɗan lokaci, ya tambayi sunansa, kana ya yi masa wasiyya da tsoron Allah da nisantar saɓo, ya gaya masa cewa zai zama wani abu nan gaba. Ya ce masa ya komo gobe da wanda zai karanta masa littafin, saurayin ya amsa cewa da ka zai karanta. Da ya fara karatu, duk sa'ad da ya yi nufin tsayawa don jin nauyin malamin, sai Maliku ya ce ya ci gaba, saboda daɗin karatunsa da tsabtar i'irabinsa. Takardar gwamna saura kaɗan ta rufe masa ƙofar, hadda da harshe suka buɗe ta.

Ya zauna a Madina yana ɗaukar hadisi da fiƙihun mutanenta har Maliku ya rasu a shekara ta 179 (795 Miladiyya). A lissafinsa na ɗan Adam buri ya cika, yana ɗan shekara 29, amma hannunsa babu ko anini. Waɗansu Ƙuraishawa suka yi wa gwamnan Yaman magana ya tafi da shi ya ba shi aiki. Babu guzuri, sai mahaifiyarsa ta jinginar da gidanta ta ba shi kuɗin. Mace ɗaya ce ta goyo shi daga Gazza, ta tara masa ƙasusuwan rubutu a tulu, ta kuma sa gidanta a jingina, littattafan tarihi kuwa ba su ba ta ko shafi guda cikakke ba.

An ba shi aiki a Najran, ya tarar da mutane sun saba da yi wa masu mulki daɗin baki su sami yadda su ke so. Ya toshe wannan hanya. An ruwaito cewa ya sa su zaɓi mutum bakwai daga cikinsu waɗanda za su riƙa tantance shaidu, wanda suka ce adali ne a karɓi shaidarsa, wanda suka soka a ƙi, sa'an nan ya riƙa rubuta hukunci yana sa hatimi. Sunansa ya tafi har Makka. Da ya zo ziyara, wani malaminsa ya yi masa faɗa mai zafi a kan shiga aikin hukuma, Sufyanu ɗan Uyaina kuwa ya tarbe shi da fara'a, ya yaba adalcin da ya ji ya yi, kana ya shawarce shi a hankali da kada ya koma. Shafi'i ya ce nasihar Sufyanu ta fi ratsa shi, abin da ya kamata masu tarbiyyar matasa su riƙe.

Mai gaskiya a cikin maha'inta ba ya rasa maƙiya. A wancan zamani babu abin da daular Abbasiyawa ta ke tsoro kamar tawayen Alawiyyawa, zuriyar Sayyidina Aliyu, saboda haka babu sharrin da ya fi saurin kai mutum ga takobi kamar a ce yana tare da su. Aka rubuta wa Halifa Haruna Rashidu cewa akwai wani Baƙuraishe a Yaman wanda harshensa ya fi takobi aiki, yana goyon bayan masu tawaye. A shekara ta 184 (800 Miladiyya) aka sa masa mari tare da waɗansu mutane, aka bi da su wannan doguwar hanya daga kudancin ƙasar Larabawa har garin Raƙƙa a bakin kogin Furatu, inda halifa ya ke zaune a lokacin. Aka kashe waɗanda aka kawo tare da shi. Da aka zo kansa ya kāre kansa da magana mai tsari wadda ta sa halifa ya dakata, aka kuma yi dace alƙalin da ke zaune a majalisin shi ne Muhammadu ɗan Hasan Ashshaibani, almajirin Abu Hanifa, wanda shi ma ya taɓa zama shekara uku a gaban Maliku har ya ruwaito Muwaɗɗa. Shaibani ya yi masa shaida cewa ma'abucin ilmi ne, abin da a ke faɗa a kansa ba halinsa ba ne. Halifa ya miƙa shi a hannunsa. Mai rabon ganin baɗi, ko ana ha-maza ha-mata sai ya gani.

Domin a gane girman abin da wannan mari ya jawo masa, sai an san yadda fiƙihu ya ke a wancan ƙarni. Makarantu biyu ne manya. Mutanen Hijaz suna da yalwar hadisi da fatawoyin sahabbai, ga aikin mutanen Madina da suka gada kaka da kakanni, saboda haka ba su cika bukatar zurfafa ƙiyasi ba. Mutanen Iraƙi kuwa suna zaune a ƙasar da al'ummomi suka cakuɗe, sababbin mas'aloli suna ɓullowa kullum, maƙirƙira hadisi sun yi yawa, sai suka tsananta sharuɗɗan karɓar ruwaya suka ƙware a ƙiyasi da tsara mas'aloli. Kowane ɓangare yana kallon ɗan'uwansa da ido ɗaya, waɗannan suna cewa waɗancan sun bar hadisi sun bi ra'ayi, waɗancan suna cewa waɗannan masu ɗaukar kaya ne ba su san abin da ke ciki ba. Shafi'i ya zo Iraƙi da ilmin Hijaz cikakke. Ya zauna a wurin Shaibani, ya kwafi littattafansa har ya ce abin da ya ɗauka daga gare shi ya kai kayan raƙumi guda. In malamin ya tashi sai ya yi ta muhawara da almajiransa yana kāre mazhabar Madina, daga baya Shaibani ya nemi su riƙa yi da shi kansa. Ba a jima ba ya zama mutumin da ya san hujjojin ɓangarorin biyu daga tushensu, da ƙarfinsu da rauninsu.

Wannan wuri shi ne zuciyar darasin. Imani da ƙaddara, mai daɗi da mara daɗi, ɗaya ne daga cikin shika-shikan imani shida, amma matasa da yawa su kan karkace a kansa ta fuska biyu. Wani ya kan naɗe hannu ya ce abin da aka rubuta masa zai zo ya same shi, ya mai da ƙaddara matashin kai. Wani kuma ya kan zana wa kansa hanya guda, makaranta kaza, aiki kaza, gari kaza, in aka sami tangarɗa a wuri ɗaya sai ya ga rayuwarsa ta ƙare, har ya shiga zargin Ubangijinsa. Tarihin Shafi'i ya rushe duka biyun. Madina shi ya neme ta, ya yi mata hadda ya yi mata guzuri, ta ba shi rabin ilminsa. Iraƙi bai neme ta ba, a ɗaure aka kai shi, ita ta ba shi ɗaya rabin. Amma da ya isa Raƙƙa da ƙirji wofi, da babu abin da zai sa Shaibani ya buɗe baki a gaban halifa, da kuma bai sha wahalar dajin Huzailu ba, da harshensa bai tsaya masa ba ran da takobi ke zare. Kana taka Allah na tasa, in ji Hausawa, sai dai wannan magana ba ta ɗauke wa bawa yin tasa ɗin ba.

Akwai wani dogon labari da masu wa'azi su kan kawo na wannan tafiya, wanda a ciki a ke cewa Alƙali Abu Yusufa da Shaibani sun haɗa kai suna zuga halifa ya kashe Shafi'i. Malamai irin su Ibnu Kasir da Ibnu Hajar sun bayyana cewa ƙagagge ne. Abu Yusufa ya rasu tun shekara ta 182, shekara biyu kafin a kawo Shafi'i, ba su taɓa haɗuwa ba, Shaibani kuwa alheri ya yi masa.

Bayan Iraƙi ya koma Makka ya kafa majalisinsa a Harami, ya yi wajen shekara tara yana karantarwa. Mahajjata suka riƙa jin wani irin karatu da ba su saba ji ba, domin ya fi mai da hankali ga ƙa'idojin da a ke ciro hukunci da su. A nan Ahmadu ɗan Hambali ya zauna a gabansa, har ya riƙa jawo abokansa su zo su ga mutumin da ya ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Malamin hadisin nan na Basra, Abdurrahmani ɗan Mahdi, ya aiko masa yana roƙon ya rubuta littafi a kan ma'anonin Alƙur'ani da sharuɗɗan karɓar hadisi da hujjar ijma'i da bayanin nasihi da mansuhi. Amsar da ya rubuta ita ce Risala, littafi na farko da ya iso ga al'umma a fannin usulul fiƙihi. Kada mai karatu ya rikita ta da Risalar da a ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, waccan ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ce, a fiƙihun Malikiyya, an kuma rubuta ta fiye da shekara ɗari bayan rasuwar Shafi'i.

Ya shiga Bagadaza a shekara ta 195 yana malami mai mazhabar kansa, ya yi shekara biyu, ya sake leƙa ta na 'yan watanni a 198, daga nan ya nufi Masar wajen shekara ta 199. A Fusɗaɗu ya ga al'adu da mu'amaloli da ba irin na Hijaz da Iraƙi ba, ya sami hadisai da ruwayoyin da ba su kai gare shi a da ba, sai ya sake duba fatawoyinsa ya janye da yawa daga cikinsu. Shi ya sa a littattafan Shafi'iyya a ke cewa tsohuwar magana, watau ta Iraƙi, da sabuwar magana, watau ta Masar. Risala ma sake rubuta ta ya yi. Ya saɓa wa Maliku a mas'aloli masu yawa, musamman a kan gabatar da aikin mutanen Madina bisa hadisin da ya inganta, har ya yi rubutu a kan haka, abin da ya ɓata wa waɗansu Malikawan Masar rai ƙwarai. Duk da haka har ya mutu yana kiran Maliku malaminsa, yana cewa babu wanda ya yi masa baiwa a ilmi kamarsa.

Almajirinsa Rabi'u ɗan Sulaimanu ya siffanta zamansa a masallacin Amru ɗan Asi. Da an sallame Asuba masu karatun Alƙur'ani za su kewaye shi, in rana ta fito su tashi masu hadisi su zauna, in ta ɗaga a buɗe muhawara, da hantsi kuma sai masu nahawu da aruli da waƙa su zo su zauna har kusan tsakar rana. Ashe burin farko na ɗan saurayin Huzailu bai ɓace ba, yana da nasa lokaci a majalisin kowace safiya. A cikin 'yan shekarun nan ne ya shibta littafin Al'ummu, alhali ciwon basir ya matsa masa har jini ya kan ɓata masa tufafi in ya hau dabba.

Ya rasu a ƙarshen watan Rajab na shekara ta 204, daidai da Janairun 820 Miladiyya, yana da shekara 54, aka binne shi a maƙabartar Ƙarafa. Almajiransa Buwaiɗi da Muzani da Rabi'u suka riƙe majalisin da littattafan. A shekara ta 608 (1211 Miladiyya) Sarki Alkamilu na daular Ayyubawa ya gina babbar ƙubba a kan kabarinsa, tana nan tsaye a birnin Alƙahira. Mazhabarsa kuwa fatake da malamai sun bi da ita ta teku zuwa Yaman da Somaliya da gaɓar Afirka ta Gabas, har Indunusiya da Maleshiya, ƙasashen da, ban da Yaman, shi kansa bai taɓa taka su ba.